Kayan da Ke Cikin Kularka, Iro

Zuwa ga ɗan'uwana kuma taubashina, Malam Ibrahim, wanda gida da makaranta suka sani da Iro.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina isar maka da gaisuwar Baba, da ta Gwaggo mahaifiyarka, da ta abokan aikinmu na ɗakin gwaji a nan Dutsin-Ma. Ka ga yau har da Malam na kira ka, ni da ban taɓa ba ka wannan girman ba tun muna yara. Ka riƙe shi da kyau, don ba kullum ake samunsa a wurina ba.

Wasiƙar taka ce, amma a fili na ajiye ta inda kowa zai karanta, kuma da gangan na yi haka. Tun ranar da 'yan sa-kai suka tare ka a hanyar ƙauyenku, can ƙasar Rawayau, babu wanda ya sake sa ka a ido a cikinmu. Suna ne kawai ya dawo gida a maimakonka. An ce kai ne likitan ɓarayin daji, kai ne kake kai musu allura da magani in an harbe su. Saboda wannan suna damina ta wuce, kaka ta shigo, babu maƙwabcin da ya leƙa gidan Gwaggo ko da sannu ce. Ni kuwa na san abin da ke cikin kular da aka kama ka da ita, domin tare muka shirya ta. Shi zan faɗa, mai ji ya ji.

Bari in fara daga farko, saboda masu karatu ba su san mu ba. Babana da mahaifiyarka uwa ɗaya uba ɗaya suke. Ni 'yar namiji ce, kai ɗan mace, don haka tun muna rarrafe nake ce maka bawana, kai kuma kana ce mini sarauniyar da ba ta da ko akuya. Da Allah Ya haɗa mu a jami'a ɗaya, sashe ɗaya, kuma Malaminmu ya zaɓe mu cikin ɗaliban da za su yi aikin zaren siliki, Baba cewa ya yi an haɗa wuta da auduga, Allah Ya kiyaye kwalaben gwamnati.

Ka tuna ranar da Gwaggo ta tsare ka sai ka gaya mata abin da kake karantawa? Muna zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Ka nuna mata yanar gizo-gizo da ke jikin rumbu. Ka ce mata a jikin gizo-gizon nan akwai umarnin da Allah Ya sa, wanda yake sa shi yin zare. Masana sun kwafo umarnin, sun dasa shi a cikin wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, ana ce musu bakteriya. Mu kuma muna ciyar da su a cikin romo, su yi ta tara sinadarin zaren a cikinsu, mu fasa su mu wanke, mu ja zare. Ka ce burinmu wata rana a ɗinke rauni da shi a asibiti, don siriri ne, ga ƙarfi, kuma jiki ba ya ƙinsa.

Gwaggo ta daɗe tana kallonka. Sannan ta ce, "Tau, ubanka ya yi kiwon shanu, kai ka koma kiwon abin da ba a gani. Allah shi sa a ga nono." Na yi dariya har da faɗuwa daga kan turmi. Kai kuwa ka ji daɗin maganar, ka kai ta makaranta, ka yi ta maimaita wa mutane har suka gaji da ita.

Aikin ba namu ne mu kaɗai ba. Akwai ɗalibai irinmu a Zariya, akwai a Kano, akwai a cikin birnin Katsina, da wasu a ƙasar waje waɗanda su ne suka fara aiko mana da irin bakteriyar. Duk ƙarshen mako mukan haɗu ta kiran bidiyo, in sabis ya yarda, kowa ya faɗi inda ya kwana. Kai ne ka kawo dokar cewa da abin da ya lalace za a fara, kafin a zo kan abin da ya yi kyau. Ni ban so dokar ba, na ce maka wa ya taɓa ganin an fito da tukunyar da ta ƙone gaban baƙi? Ka ce in 'yan Kano sun san ramin da muka faɗa, su ba za su faɗa ba, shi ke nan an rage masu karaya. Haka kuwa aka yi. Da romonmu ya yi ta tsami ba dalili, wata yarinya a Zariya ce ta gane cewa ruwan da muke haɗawa da shi ne matsalar, don su ma sun sha wannan wahalar kafin mu.

Babban abin da ka bar mana shi ne kiwo. Irin nan ba ya rayuwa sai a cikin sanyi mai tsanani, mu kuwa ka san halin wutarmu, ka san halin janareta. Wata rana ka ce mana mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa tara shanunsa duka a garke ɗaya ba. Yakan kai karsana wurin ɗan'uwa a Birchi, ya kai wata wurin aboki, shi ma ya riƙe nasu. In ciwo ya shiga garken wani, ba ya tashi a tutar babu. Ka ce mu ma mu yi haka, kowane rukuni ya riƙe wa 'yan'uwansa irinsu. Malam ya gyara tabarau ya ce wannan ba a littafi ya gani ba, amma a yi.

Da bazara ta zo, ana cikin hutu, wuta ta ɗauke ta ƙi dawowa. Ranar da muka buɗe firiza wari ne ya fara yi mana maraba. Aikin da muka yi tun farkon zango ya zama ruwa. Na zauna a kan dandamali na yi kuka, kai kana tsaye a kaina kana cewa sarauniya ba ta kuka gaban bayi. Mako bai zagayo ba 'yan Zariya suka aiko mana da namu irin a cikin filas, ta hannun direban tasha. Muka zuba a romo, washegari ya yi duhu, alamar suna raye. Ranar na yarda kana da kai, amma ban gaya maka ba.

To, da damina ta kankama sai abin ya faɗa kan 'yan Katsina. Nasu ya mutu, kuma kayan aikinsu ma sun ƙare. Mu ne mafi kusa da su, namu ne mu mayar da biki. Ka ce kai za ka kai.

Yanzu ga abin da ke cikin kular, kuma ina roƙon duk mai karatu ya bi ni a hankali. Akwai ƙanƙara a ƙasa. A kanta akwai 'yan ƙananan kwalabe masu ɗauke da irin. Akwai kwalaben allurar ampisilin da muka saya a kemis a cikin gari, saboda bakteriyarmu an yi su ne yadda wannan maganin ba ya kashe su, amma yana kashe duk wata baƙuwar ƙwaya da ta faɗa cikin romon. In babu shi, ciyawa ce za ta cinye shukar. Akwai sirinji, don da shi ake zuƙo maganin a tace. Akwai safar hannu, da auduga, da sifirit na goge tebur. Ni na ƙara audugar ma, na ce 'yan birni ne, kada su ce 'yan Dutsin-Ma marowata ne.

Duk wanda ya buɗe wannan kula bai san aikinmu ba, kayan wankin rauni zai gani. Mu da muke taɓa su kullum, wallahi ko sau ɗaya hakan bai zo mana a rai ba. Mun saba da su kamar yadda mai tuya ta saba da mai da tanda.

Da safe ka tafi. Na ce maka ka wuce kai tsaye, ƙanƙara ba ta jiran kowa. Ka ce, "Bilki, ba a wuce mararrabar uwa. In ta ji na bi ta Kurfi ban leƙo ba, ke za ki rarrashe ta?" Ka ce gaisuwa ce kawai, ko ruwa ba za ka zauna sha ba. Ka sauka daga mota a mararraba, ka hau acaba da kular a kan cinyarka.

Abin da ya biyo baya daga bakin ɗan acaban muka ji, shi ma sai da Baba ya rantse masa ba zai faɗi sunansa ba. A makon nan ɓarayi sun shiga wani ƙauye kusa da naku, sun kashe mutane, sun tafi da mata, kuma ana cewa an raunata wasu daga cikin ɓarayin. 'Yan sa-kai sun gicciye itace a hanya, idonsu ja, ba su yi barci ba. Suka ce ka buɗe. Ka buɗe. Ka nuna musu katin makaranta, suka ce ai 'yan makaranta ma ana saye. Ka fara yi musu bayanin gizo-gizo da zare. Wani ya yi dariya, wani ya ce ya san ubanka, ai Bafillace ne. Ɗan acaban ya ce har lokacin da suka kore shi, kana roƙonsu su rufe kular kada ƙanƙarar ta narke.

Wawa. Ka yafe mini, Iro, amma wawa ne kai. Mutane da bindiga a kanka, kai ta ƙanƙara kake yi. Kullum in na tuna wannan sai in ji kamar in shaƙe ka.

Wai Bafillace. Kai da Fulatancinka bai wuce gaisuwa ba, ita ma in ka yi sai tsofaffi su yi maka dariya. Shanun mahaifinka su waye suka kore su? Ba waɗannan ɓarayin ba ne suka bi garke garke, har na Birchi ba su bari ba? Baƙin cikin abin ne ya kwantar da shi har ya koma ga Allah, kuma duk garin sun je jana'izarsa. Sun san wannan sarai, ba labari aka ba su ba.

Babu ofishin da Baba bai taka ba. Takalminsa ya san hanyar Kurfi, ya san ta Katsina. Waɗannan su ce sun miƙa ka gaba, na gaba su ce ba a kawo musu kowa mai wannan suna ba. Daga baya sai aka fara cewa ai kuɓucewa ka yi, ka shige daji wurin mutanenka. Wannan maganar ta fi kowace yi wa garin daɗi, ita ce ta zauna.

Bari in gaya maka yadda Gwaggo take, don na san ita za ka fara tambaya. Ta rame, amma tana nan da bakinta. Ƙuli-ƙulinta da man gyaɗarta da a da ba sa kai azahar, yanzu sai su kwana su wuni babu mai aiko yaro. In ta je rijiya hira takan mutu, a bar ta ta ja gugarta ita kaɗai. An yi suna a gidan da katanga ɗaya ce ta raba su, ba a aiko mata da ko goro ba, ita da ta yi wa maijegon wankan jego na haihuwar fari. Da geronta ya nuna babu wanda ya fito, sai daga wurin danginmu na Shema Baba ya kwaso mutane suka girbe mata.

Baba ya yi, ya yi, ta dawo gidanmu Dutsin-Ma, ta ƙi. Ta ce masa, "Alhaji, in na tashi daga gidan ga, na yarda ke nan. Ni ban haifi ɓarawo ba, kuma nan za su ishe ni." Ka san ta, in ta kafe ko jaki ya san ya samu uwar ɗaki.

A makaranta ma maganar ta biyo mu. Wasu iyaye suka janye 'ya'yansu daga aikin, ban kuma ga laifinsu ba. Akwai wanda muke cin abinci a kwano ɗaya da shi, ya tambaye ni a asirce wai ko na tabbata na san ka sosai. Na ce masa na san ka tun kana fitsarin kwance, in yana son ƙarin bayani ya zo in ba shi a gaban mutane. Bai sake yi mini magana ba, ni ma ban neme shi ba. Malam ya so a rufe aikin gaba ɗaya. Na ce masa in an rufe, da me za mu nuna wa duniya abin da ka ɗauko? Sai ya miƙo mini makulli.

'Yan Katsina kuwa abin ya dake su fiye da yadda nake zato, don suna ganin saboda su ka fita. Ba su sake fashin haɗuwa ba. 'Yan Zariya suka aika musu da iri ta wata hanyar. Kowa ya zage. Sinadarin namu yakan dunƙule a ƙasan kwalba kamar gasarar koko ya ƙi narkewa, 'yan Kano ne suka gano yadda za a lallaɓa shi ya narke. Na ƙasar waje suka nuna mana yadda ake tura shi ta bakin allura zuwa cikin sifirit, a kama bakinsa a ja a hankali. Muka yi ta yi yana tsinkewa. Wata rana da hantsi sai ya biyo hannuna. Gajere ne, fari-fari, in ka ja da ƙarfi zai tsinke, nesa yake da zaren ɗinkin asibiti. Amma zare ne. Kowa a ɗakin ya yi kabbara, ni kuwa haushi ne ya kama ni, don wanda ya kamata ya yi mini gori a kansa ba ya nan.

A nan muka yanke shawarar zuwa ƙauyenku. Muka ce tunda bayaninka na baki ba su yarda da shi ba, to mu kai musu abin su gani da ido. Baba ya nemi izinin mai gari, ya bayar. 'Yan Katsina suka zo, 'yan Zariya ma suka turo wakilai, mutanen da ba su taɓa ganinka ba sai a waya. Wasunsu ba su gaya wa iyayensu inda za su ba.

Bayan sallar Juma'a aka taru a gindin bishiyar ƙofar gidan mai gari. Muka kawo kula irin taka, da kaya irin naka, babu abin da muka rage. Malam ya ce ni zan fito da su, sai na durƙusa a gefen tabarma ina ajiye su ɗaya bayan ɗaya, shi yana faɗin aikin kowanne da Hausar da kowa zai gane, ni ina satar kallon jama'a. A cikin taron akwai samari masu bindiga a kafaɗa, kuma na san wasunsu sun taɓa ganin waɗannan kayan.

Sannan muka zuba sifirit a kwano, na tura sinadarin ta allura, na ja. Allah Ya rufa mana asiri bai tsinke ba. Mutane suka matso. Wani tsoho ya taɓa shi da yatsa ya yi salati. Aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu a kan ɗan tsinke. A raina na ce shi ke nan, yau Gwaggo za ta rasa inda za ta zaunar da mutane.

Mai gari ya yi gyaran murya ya ce, "Mun gani, mun ji. Allah shi ƙara ilimi, Allah shi maishe ku gida lafiya." Aka shafa fatiha, kowa ya nemi takalminsa. Na tsaya ina kallon lungun da ke zuwa gidanku, babu ko mutum ɗaya da ya bi ta nan.

Da Baba ya shiga zaure yin sallama da mai gari, ina daga bakin ƙofa ina haɗa kaya, na ji abin da mai gari ya ce masa da murya ƙasa-ƙasa. Ya ce, "Alhaji, ba wai ban yarda ba ne. Amma in na miƙe na ce yaron ga ba shi da laifi, mi na ce da ɗiyanmu da ke kwana bakin hanya? Su ke tsaron mu. In suka aje bindiga yau, gobe ba ka ishe kowa garin ga."

Na so in shiga in zazzage masa abin da ke cikina. Amma a hanyar shigowa na ga maƙabartarsu, na ga yadda ta faɗaɗa, na ga sabuwar ƙasa jere. Na san abin da aka yi musu, Iro, kai ma ka sani. Sai dai duk da haka ban ga yadda za a ce tsaron gari sai an jingina shi a kan sunanka da kan tsohuwa mai ƙuli-ƙuli ba. Ranar na gane ba rashin sani ne ya hana su shiga gidan ba. Mun ɗauka bayani suke jira, ashe gaskiyarka ce ta yi musu nauyi.

Sauran suka koma, ni na zauna wurin Gwaggo. Ban gaya mata abin da na ji ba, ita ma ba ta tambaye ni yadda taron ya kaya ba. Ta dafa mini dambu, ta ce na rame kamar ba 'yar Alhaji ba.

Ranar Lahadi da hantsi muna tsakar gida tana suyar gyaɗa, sai muka ji sallama. Gwaggo ta tsaya da ludayi a hannu, don ta daɗe ba ta ji wata murya daga cikin garin ta yi sallama a ƙofar nan ba. Inna Tasalla ce. Ka san ta, ƙawar Gwaggo ta tun zuwansu garin, wadda take ba ka ƙanzo in ka je gidanta. Ka kuma san ɗanta yana cikin masu tsaron hanya. Ta ƙofar gaba ta shigo, da rana tsaka, kowa yana gani, ɗauke da ƙwarya a rufe da faifai.

Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi hawa, ta zauna a ƙasa. Ta ajiye ƙwaryar, gero ne a ciki. Gyaɗar ta fara ƙauri, na tashi na sauke. Ina jira in ji ta ce Allah Ya bayyana shi, abin da ake gaya wa wanda nasa ya ɓace.

Ba haka ta ce ba. Ta ce, "Ya haƙuri, Hajara? Allah shi jiƙan Iro, Allah shi gafarta mashi. Yaron kirki ne, kuma ba shi da alhakin kowa."

Iro, ban san yadda zan gaya maka abin da na ji ba. Watanni muna roƙon Allah wani ya shigo gidan nan ya ce kai mutumin kirki ne. Ga shi an shigo, an faɗa, kuma a cikin maganar aka gaya mana ba za ka dawo ba. Ba ta ce ta tambayi ɗanta ba, ba mu kuma ce ta faɗa ba. Mace irinta ba ta ɗauko geron ta'aziyya a kan jita-jita.

Gwaggo ba ta yi ihu ba. Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ta maimaita. Sannan ta yi tambaya ɗaya tak. Ta ce, "Tasalla, an yi mashi salla?" Inna Tasalla ta sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan zanenta.

Sai Gwaggo ta miƙe ta shiga ɗaki, ta fito da duk tabarmin da ta mallaka, har da sabuwar da take ajiye wa baƙi, ta shimfiɗe tsakar gida da zaure. Ta ce in kira Baba in ce ya zo a yi wa ɗanta salla.

Washegari aka yi, a ƙofar gida, babu gawa a gaba. Baba ne ya ja. Malam ya zo, 'yan Katsina suka sake dawowa, da 'yan'uwanmu na Shema. Sahu ɗaya ne, bai ma cika ba. Daga cikin garin babu namijin da ya shiga, ko da yake na ga wasu tsaye daga nesa sun cire hula suna juya ta a hannu. A cikin gida kuwa Inna Tasalla ta wuni tare da mu, da yamma wata tsohuwa ta biyo ta, ta gaishe mu da sauri ta fita.

Ga inda muke ke nan, ɗan'uwana. Ba zan yi maka ƙarya in ce na yafe ba, ban kai nan ba tukuna. Ina kewarka. Ina kewar wanda zan zaga ya rama, in ji daɗi. Da na san haka ne da na rage maka wani abin, ko da yake na san da ka ce ba ni da lafiya.

Ya Allah, Ka jiƙan Ibrahim ɗan Hajara. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa makwancinsa a duk inda yake, Kai ne Ka san wurin. Ka karɓe shi cikin waɗanda aka zalunta. Ka ba mahaifiyarsa haƙuri da ƙarfin jiki. Ka kawo wa ƙasarmu ƙarshen wannan masifa da ta sa maƙwabci yake tsoron gaishe da maƙwabcinsa. Waɗanda suka san abin da ya faru a hanyar nan, Ka ba su ƙarfin halin faɗa tun suna da rai. Amin.

An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, baƙi sun watse. Jiya na ce wa Gwaggo bari in naɗe tabarmin kada raɓa ta lalata su. Ta riƙe hannuna ta ce in bar su, mutanen gari ba su zo ba tukuna.

Wassalam.

Taubashiyarka,
Bilkisu